Yaro ɗaya, aiki uku: amsa ga Habibu

Habibu, saƙonka ya same ni bayan isha'i, sai da na karanta shi sau biyu ina murmushi. Ka ce ka ga wani yaro ɗan shekara 16 yana wasan besbol a Crotona Park da ke Bronx, a birnin New York. Shi ne mai cafkar ƙungiyarsu, wato mai tsugunawa bayan mai bugu yana kama ƙwallon da aka jefo, shi ne na uku a jerin masu bugu, in wasa ya yi tsami kuma a tuɓe masa sulke a hau da shi tudun da mai jifa ke tsayawa ya yi jifa. Na'urarka mai auna gudun ƙwallo ta nuna mil 86 a awa. Sai ka ce, "Baba, ta ina zan fara auna shi, kuma a matsayin wa zan rubuta shi?" Har da ƙarin cewa kana jin ka tsinci dami a kala.

Kwantar da hankalinka, ɗana. Wannan 86 ɗin ita ce mafi arha a duk abin da ka gani. Kowa a bayan raga yana da irin na'urar nan, kuma na tabbata uban yaron ya riga ya liƙa lambar a Instagram. Babu ƙungiyar da za ta ɗauke ka aikin zaƙulo mata 'yan wasa don ka karanta mata abin da allo ya nuna. Idonka ake nema, da kuma ƙarfin halin da za ka ce ga abin da yaron nan zai zama nan da shekara shida.

Kafin komai, gyara ma'auninka. Makin da muke bayarwa daga 20 ne zuwa 80, kuma 50 tana nufin matsakaicin ɗan wasa a babbar gasar besbol ta Amurka, irin waɗanda kake gani a filin ƙungiyar Yankees, ba matsakaicin yaran Bronx ba. A rahotonka na baya na ga ka ba wani yaro 60 a bugu don ya fi tsararrakinsa. Kuskure ne, kuma duk mun yi shi. Kowace baiwa maki biyu take da shi, na yau da na gobe. Ɗan shekara 16 bugunsa na yau bai wuce 20 ko 30 ba, komai kyansa. Sana'ar duk tana cikin maki na biyun.

Bugu shi ne mai wahalar ganewa, shi ya sa nake son ka fi daɗewa a kansa. Atisayen da ake yi kafin wasa, inda koci ke lallaɓo ƙwallo a tsakiya yaro na maka ta bayan katanga, kwalliya ce kawai. Gorar ƙarfe ma maƙaryaciya ce: ko yaro ya taɓa ƙwallo da kusa da mariƙi sai ta tafi, alhali gorar katako da ta karye masa a hannu ko ta bar shi da raɗaɗi. Tsakanin mai jifa da faranti, wato alamar da mai bugu ke tsayawa a gefenta, ƙafa 60 ne da inci 6. Ƙwallon da ke gudun mil 90 tana cinye wannan tazara cikin kusan sakan 0.4, kuma cikin wannan ƙiftawar ido ne mai bugu zai gane irin jifar, ya yanke shawara, ya kai gora. Don haka tashi daga bayan raga ka koma gefen da ƙirjinsa ke fuskanta. Dubi kansa. Yana nan daram ko yana lilo gaba tare da ƙafa? Dubi hannayensa, suna jira a baya har ƙugu ya fara juyawa, ko suna riga jiki fita?

Abin da na fi so ka ƙirga kuwa shi ne ƙwallayen da ya ƙi bugawa. Akwai yaron da zai bar jifa mai lanƙwasa ta faɗi ƙasa ko gezau bai yi ba, saboda tun daga yatsun mai jifa ya gane ta. Akwai wanda zai bar ta don ta daskarar da shi, gwiwarsa ta gaba ta lanƙwashe, ya tsira da sa'a. A takardar alƙali duka biyun abu ɗaya ne. A takardarka bai kamata su zama ɗaya ba. Na farkon nan ba a cika koyar da abin da yake da shi ba, ƙarfi kuwa yana zuwa da shekaru da abinci da ɗaga ƙarfe.

Kada kuma tsayi ya ruɗe ka. José Altuve ƙafa 5 ne da inci 6. Ranar da ya je gwajin ƙungiyar Astros a Venezuela sallamarsa aka yi, ya dawo washegari, aka ɗauke shi a 2007 kan dala 15,000. Mike Piazza sai a zagaye na 62 na zaɓen sabbin 'yan wasa aka zaɓe shi a 1988, bayan mutum 1,389 sun riga shi, ya ƙare da bugun da ya tsallake katanga sau 427. Masu ido irin namu ne suka zauna suka kalle su suka wuce. Nakan tuna haka duk ranar da na ji kaina ya fara girma.

Sai cafka. Ka rubuto min cewa jifarsa zuwa zango na biyu, inda yake ƙoƙarin ƙwallo ta riga mai gudu isa, sakan 1.95 ce. A ina ka danna agogon? In a tsakanin zagayen wasa ne, lokacin da babu mai bugu a gabansa, ya riga ya ɗaga ɗuwawu yana jira, an kuma jefo masa ƙwallon daidai ƙirji, to yar da lambar. Wadda ake ƙirgawa ita ce ta cikin wasa, mai gudu ya fyalla, gora na wucewa ta gaban fuskarsa. Daga ƙarar ƙwallo a safarsa zuwa ƙararta a safar na zango na biyu, manyan ƙwararru suna yin kusan 2.0, zaƙaƙuran cikinsu kamar J.T. Realmuto suna sauka wajen 1.8. Tazarar ta ɗan haura ƙafa 127. Yaron sakandare da ya yi 2.1 a wasa, ƙwallo ta sauka kan zango daidai gwiwa, ya fi min wanda ya yi 1.9 ta tashi sama. Mafi yawan lokacin da ke ɓacewa ma ba a dantse yake ba, a ƙafafu yake da kuma fitar da ƙwallo daga safa zuwa hannu.

Jifar nan kuwa sau nawa ake yinta a wasa? Biyu, uku. Cafka ana yinta fiye da sau ɗari. Ka sa ido kan safar: tana tarar ƙwallo a natse ta tsaya cak, ko ƙwallon ke janta waje? Ta ƙasa-ƙasa yana tarota daga ƙarƙashi ko yana danne ta? In ta bugi ƙasa yana zubewa kan gwiwa ya tare da ƙirji, ko yana kawar da fuska yana lalube da hannu? Mai tsoron ƙwallo ba ya ɓuya. Ka jira zagaye na shida ko na bakwai a zafin Yuli, sulke ya jiƙe sharkaf, ka ga ko tsugunonsa na nan yadda ya fara. Ka kuma lura da abin da yake yi in mai jifarsa ya rikice. Wani zai nemi izinin alƙali ya taka har tudu, ya rufe baki da safa ya faɗa masa magana biyu. Wani zai wurgo masa ƙwallo da fushi. Ni wannan tattakin yana da maki a wurina, ko da babu gurbinsa a takarda.

Yanzu ga 86 ɗinka. A shekara 16 ba laifi. Amma miƙaƙƙiyar jifa a babbar gasa matsakaicinta yanzu kusan mil 94 ne, don haka tambayar ita ce da wane irin wahala ya samo ta. In kansa na fizgewa, hula na faɗuwa, yana ƙarewa a karkace kamar wanda aka hankaɗa, to ya riga ya zazzage duk abin da ke buhun. In kuwa kamar wasa yake yi, dantse na zagayowa sumul, kafaɗu masu faɗi da sauran wurin tsoka, akwai ƙari a gaba. Duba ko daga wuri ɗaya yake sakin kowace jifa. Duba ko hannunsa na rage sauri in zai jefa mai yaudara, wato mai kama da miƙaƙƙiya amma a hankali take tafiya, don in ka gani daga kan benci, mai bugu ya riga ka gani.

Ga inda raina ya ɓaci da labarinka. Yaron da ya yini a tsugune yana mayar da ƙwallo, ƙafafu sun mutu, shi ake ɗauka a ce ya yi jifa da iyakar ƙarfinsa. In ƙafa ta gaji, gwiwar hannu ke biyan bashin. Ko a gasar ƙananan yara ta Little League, wanda ya yi cafka zagaye huɗu ba ya jifa a ranar. Ƙa'idar Pitch Smart, wadda aka tsara don kare hannun yara masu jifa, ta ce ɗan 15 zuwa 16 kada ya wuce jifa 95 a yini, in ya kai 76 ya huta kwana huɗu. Kocin unguwa kofi yake nema, ba shi zai kwana da yaron a asibiti ba. Tun da Dakta Frank Jobe ya yi wa mai jifa Tommy John aikin dashen jijiyar gwiwar hannu a 1974, mutane suka ɗauka abin kamar canjin taya ne. Shekara guda ce ko fiye ba wasa, kuma ba kowa ke dawowa ba.

Na taɓa bin wani yaro irin naka bazara biyu. Ina zaune na ga yana yarfa hannu bayan kowace mai lanƙwasa, yana murza cikin gwiwar hannunsa da babban yatsa in ya juya baya. Na gani sarai. Amma na'ura na nuna 89, rahotona ya yi kyau, sai na ja bakina na yi shiru. Jijiyar ta tsinke yana 17. Har yau in na haɗu da mahaifiyarsa a tashar jirgin ƙasa gaisuwar ba ta yi min daɗi.

Taura biyu ba ta taunuwa, kuma kada ka kawo min zancen Shohei Ohtani mai haɗa bugu da jifa a babbar gasa, mutum ɗaya ne a duniya. In gorar yaron na da rai ko kaɗan, rubuta shi a matsayin mai cafka, ka ambaci jifar a ƙasa. Dalilina: hanyar da ta tashi daga bayan faranti zuwa tudu a buɗe take ko yaushe. Kenley Jansen mai cafka ne a ƙananan ƙungiyoyin Dodgers, bugu ya gagare shi, aka mayar da shi mai jifa a 2009, shekara na zagayowa yana babbar gasa. Amma wanda ya ajiye gora shekara uku da wuya idonsa ya dawo.

Ka tabbatar da ranar haihuwarsa, har wata. Mai 16 da wata ɗaya da mai 16 da wata goma sha ɗaya ba ɗaya ba ne a wannan shekarun. Wasa ɗaya kuma ba ya isa, sai ka gan shi ranar da ya fita sau uku bai taɓa ƙwallo ba, ka ga yadda zai ɗaura sulke bayan haka.

Asabar in Allah ya kai mu zan zo. Mu haɗu awa ɗaya kafin wasa, ina so in ga yadda yake ɗumama hannu lokacin da yake zaton babu mai kallo. Ka zo da gorar katakon nan mai inci 33 da ke but ɗin motarka, da agogo biyu. Na'urar ka bar ta a jaka sai na ce ka fito da ita. In an tashi, ni zan yi wa uban magana kan dantsen, kai ka tsaya kusa ka ji yadda ake faɗa.