Wai da gaske Turawan Ayalan ma suna tsoron aljanun tafki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, na ji ana cewa a ƙauyukan ƙasar Ayalan akwai wani tafki da suke cewa wai sarki na barci a ƙarƙashinsa, da gaske ne ko dai zuƙi ta malle ce? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Tafkin dai yana nan, sunansa Lough Gur a yankin Limerick, ruwa ne da ya lanƙwashe ya kewaye wani tudu mai suna Knockadoon, kuma mutane sun fi shekara 5,000 suna zaune a bakinsa. Wanda kika ji labarinsa Gearóid Iarla ne, basarake ne na gaske da ya rasu a 1398, amma mutanen wajen suna cewa bai mutu ba yana can ƙasan ruwa, duk bayan shekara 7 sai ya fito kan farin doki ya zagaya tafkin, kuma ba zai dawo cikin mutane ba sai takalman azurfan dokin sun cinye. Wannan ɓangaren almara ce ta kaka da kakanni.

Abinda ba almara ba, dab da tafkin a ƙauyen Grange akwai da'irar duwatsu 113 da aka kakkafa a tsaye, ita ce mafi girma a ƙasar, in kin je za ki tarar da tsabar kuɗi da mutane ke ajiyewa a gindin babban dutsen.

Ni abinda yafi taɓa ni shi ne yadda tsoron aljanu ya tsare musu tarihi, manomi zai yi noma ya kewaye tsohuwar ganuwar ƙasa ko wata bishiya mai ƙaya guda ɗaya tal a tsakiyar gona, ba zai sa mata gatari ba don suna cewa gidan aljanu ce, ko a 1999 da ake babban titi a yankin Clare sai da aka bar irin wannan bishiya a tsaye aka killace ta. Kuma tsakanin 1937 da 1939 an tura yaran firamare wajen 50,000 gun tsofaffinsu su rubuto tatsuniyoyi da al'adun yankinsu, har da sunayen wurare irin rijiyoyi da duwatsu da labarin da ke kansu, littattafan suna nan a ajiye a Dublin, an ma ɗora su a intanet.