Amsoshin Tambayoyinku: A tafi lambun Aburi a watan Oktoba, ko a jira hunturu?

Tambaya: Salamu alaikum. 'Yar yayata da ke Jamus tana ta turo mana hotunan wani lambu a can, ganye ya yi ja da ruwan ɗorawa, furanni ko'ina. Ta ce lokacin kakarsu ne. A Oktoban nan za ta zo gida da yaranta, ina so in kai su lambun Aburi, wanda ke kan tudu kusa da Accra a nan Ghana. Shin za mu tarar da irin wannan, ko kuɗin mota kawai zan ɓata? Daga wata uwa a unguwar Nima, Accra.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Irin abin da ke cikin hoton nan kam ba za ki tarar ba, gara ki sani tun daga gida. A Turai, daga Satumba rana takan riƙa gajarta, sanyi na ƙaruwa, itatuwa su daina yin korensu, launin ja da rawaya ya fito kafin ganyen ya zube. Mu a nan dare da yini kusan kai ɗaya suke duk shekara, babu sanyin da zai sa itace yin haka. Abin da muke da shi a Oktoba shi ne ƙaramar damina, wadda kan sauko daga Satumba zuwa Nuwamba bayan ɗan tsayawar ruwa na Agusta. Lambun zai kasance kore shar. Furanni akwai, irin su hibiskus da iksora masu yi kusan kullum, amma a warwatse suke, ba a jere su fili guda ba.

Duk da haka a je. Darajar Aburi a itatuwa take. An buɗe lambun a watan Maris na 1890, zamanin Gwamna William Brandford Griffith, aka ɗauko William Crowther daga lambun Kew na Landan ya zama mai kula da shi na farko. Tun 1875 akwai gidan da aka gina a wurin domin ma'aikatan Turawa su hau su murmure idan zazzaɓin bakin teku ya kayar da su, kin ga ke nan iskar tudun ba yau aka san daɗinta ba. Faɗin wurin hekta 64.8 ne. Manufar kafa shi gwajin amfanin gona ce, kuma daga nan aka riƙa sayar wa manoma dashen koko da araha, bayan Tetteh Quarshie ya shigo da irin daga tsibirin Fernando Po a 1879 ya shuka a Mampong, nan gaba kaɗan da Aburi.

Kuna shiga, layin dogayen itatuwan kwakwar ado ne zai tare ku hagu da dama, gindinsu fari-fari, a miƙe tsaf. Nan kowa ke tsayawa hoto, wasu ma daga nan sai su shimfiɗa tabarma a ci abinci a koma, wanda ni a ganina asara ce. Ku nemi ɗaya daga cikin masu zagayawa da baƙi, ku yi ciniki kafin a fara tafiya. Shi zai kai ku gindin tsohon rimin da ya rage daga dajin asali, mai saiwoyi kamar katanga. Zai nuna muku wani itace dangin ɓaure da ya tsiro a kan wani, ya naɗe shi har ya kashe shi, na cikin ya ruɓe ya bar rami, yara su leƙa su hangi sama ta tsakiya. Akwai kuma itatuwan da manyan baƙi suka dasa, har da na Sarauniya Elizabeth ta Ingila a 1961.

Wajen kayan ƙamshi ne nake so ki daɗe da yaran. Mai zagayen zai murza ganye ya miƙa musu: wannan kirfa, wannan kuma ganye guda ne amma ka ji kanumfari da kirfa a haɗe. Ga gyaɗar ƙamshi a cikin ɓawonta, da jan zare-zare a lulluɓe da ƙwallon. Yaron da ya tashi a Jamus ya san waɗannan a kwalba ne, an niƙe. Ƙila ma bai taɓa ganin kwanson koko a manne da jikin itace ba, ga shi Oktoba lokacin nunarsa ne. Ja da rawayan ganye sun bar shi a can, za su koma su tarar.

Tambaya: Ni malamin makarantar Islamiyya ne a Madina ta Accra. Iyaye sun haɗa kuɗi mu kai ɗalibai yawon buɗe ido kafin ƙarshen shekara. Mu ɗauki shatar mota ko mu shiga trotro, wato motar haya ta fasinja? Kuma Oktoba ya fi ko Disamba?

Amsa: Allah gafarta Malam, shata. Trotro na Aburi yana tashi daga tashar Madina, kuma ga mutum biyu ko uku ya wadatar. Amma da tarin yara, matsalar a dawowa take: da yamma motocin da ke gangarowa daga Akropong da Mampong sukan iso Aburi a cike, sai ka ga an raba ɗalibai mota uku, malami ɗaya. Ka je wurin shugabannin tashar ka yi maganar shata, a yanka kuɗin zuwa da jira da dawowa gaba ɗaya, a biya rabi, sauran sai an sauke yara a ƙofar makaranta. Ka dubi motar da idonka, musamman birki da taya. Daga Ayi Mensah hanya ta fara hawa da lanƙwasa har a wuce Peduase, gangarowar kuma ita ce gwajin direba. Ranar Asabar da sassafe masu motsa jiki kan cika gefen hanyar nan, a gaya masa ya bi a hankali.

Batun wata kuwa, kowane da ribarsa. A Oktoba ciyawa lafiyayya ce, kuma idan sama ta washe bayan ruwa, daga kan tudu ana hango shimfiɗar Accra. Amma ruwa na iya sauka da rana tsaka, don haka a isa da wuri, a tafi da leda babba da za a sa ƙarƙashin tabarmi. A Disamba ba a fargabar ruwa sosai, sai dai ƙurar hunturu kan rufe hangen nesa, kuma daga tsakiyar wata zuwa sabuwar shekara wurin cika yake da masu shaƙatawa da kiɗa. In da ni ne, farkon Nuwamba zan zaɓa, a ranar da ba ta hutu ba.

Garuruwan Akuapem, yankin da Aburi take ciki, suna bikin gargajiya na Odwira a wannan tsakanin, na Akropong yakan faɗo a Satumba ko Oktoba. Makon biki hanya na cunkushewa, sannan kafin bikin akan hana kiɗa da hayaniya na wasu makonni. A tambayi direba halin da ake ciki, kada yara su shiga garin mutane da lasifika suna ƙasida.

Lambun yana ƙarƙashin Hukumar Kula da Lambuna ta gwamnati. Ka aika wani ko ka kira ofishinsu tun da mako guda, ka faɗi yawan yara, ka ji kuɗin ɗalibai, domin na yara da na manya da na baƙi 'yan ƙasar waje ba ɗaya ba ne. Abinci a dafa daga gida: waake (shinkafa da wake) a ganye ko shinkafa, da sobolo (zoɓo) mai sanyi. A ɗauki butoci da galan biyu na ruwan alwala. Kuma a ja kunnen yara kan sassaƙa suna a jikin itace, gorar wurin ta sha wannan wahala.

Tambaya: Gidan haya nake a Sabon Zongo, ɗan baranda gare ni. Wata mai sayar da kaya a WhatsApp tana tallan irin furannin Turai a fakiti, ta ce na kaka ne. In saya, ko in je wurin masu dashe na bakin titi?

Amsa: Riƙe kuɗinki, 'yar'uwa. Yawancin irin nan an tanade su ne domin ƙasar da ke da sanyi. Wasu, masu albasa a gindi irin su tulif, ba sa fure sai sun sha makonni cikin sanyi. Wasu za su tsiro, su yi tsawo siriri, zafin Fabrairu ya gama da su. Ga shi ba ki san shekarun da fakitin ya yi a kanti ba.

Je ki wurin masu dashe, amma ki tafi da sanin barandarki: awa nawa rana ke bugunta? In tana shan rana sosai, sayi boganbiliya, mai furen nan kamar takarda da ke hawa katanga. Yanzu ne lokacin dasa ta, ta kama ƙasa da sauran ruwan Oktoba, idan hunturu ya shigo ta ɓarke da fure, domin ita ƙarancin ruwa ke sa ta yi. Masu shayar da ita safe da yamma ganye kawai suke samu. Kariya ma haka take, kuma ita kakanninmu sun san ta tun daga arewa, sai dai ruwan jikinta guba ne. A gidan haya mai yara da awaki a ɗora ta inda hannu ba ya kai, ko a haƙura. In barandar inuwa ce, a bar zancen fure, a sayi masu ganye mai launi.

Wajen saye kada furen da ke kai ya ruɗe ki. Ɗaga ledar ki duba ƙasanta. In saiwa ta huda ta shiga ƙasa an fizge ta, dashen zai yi yaushi kwana biyu da isa gida. Juya ganye ki duba bayansa, in kin ga farin abu kamar auduga, ƙwari ne, ajiye. Ki sayi baƙar ƙasa a wurinsu, ki gauraya da yashi kaɗan. Tukunya kuwa tsohon bokitin fenti ya isa, muddin an huda gindinsa. Kada ki sa faranti a ƙarƙashi ruwa ya kwanta, sauro za ki tara wa maƙwabta.

Da ni ne, cikin bokiti huɗu, ɗaya na lalle ne, ɗaya na na'ana'a.

Tambaya: Aurena a watan Janairu ne. Amarya na son hotunan kafin biki a Aburi. Yaushe ya fi?

Amsa: Allah ya sanya alheri, ango. Ku yi kafin ƙarshen Nuwamba, tun ciyawa ba ta bushe ba, ƙura ba ta dushe sama ba. Ranar Talata ko Laraba, ku isa da buɗe ƙofa, lokacin layin kwakwar babu kowa, hasken kuma bai yi tsauri ba. Mai hoto ya tambayi ofis kuɗin ɗaukar hoton biki tun kafin ranar, ya karɓi rasit, don kada a tsayar da ku amarya na tsaye da kwalliya. Ta tafi da silifas a jaka, dogon takalmi nutsewa yake a jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai an zo ɗauka ta saka.