Maganin tarin fuka da dishi-dishin ido

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ina cikin wata na biyu da fara shan maganin tarin fuka. Tun farko fitsarina da hawayena suka koma jaja-jaja, yanzu kuma ganina ya fara dishi-dishi, har ja da kore suna rikice mini. Maganin ne, ko shekaru ne suka fara aikinsu?

Amsa: Allah ya ƙara sauƙi, Malam. Jan hawaye da fitsari aikin rifampicin ne, launin maganin ne ke fita, kuma da zarar ka gama sha zai wuce. Kada wannan ya dame ka.

Dishi-dishin ne abin da ya tayar mini da hankali. A wata biyun farko magani huɗu ake haɗawa, galibi a ƙwaya guda: isoniazid, rifampicin, pyrazinamide da ethambutol. Na ƙarshen nan yana iya taɓa jijiyar da ke kai gani daga ido zuwa ƙwaƙwalwa. Yakan zo a ido biyu lokaci guda, ba zafi, ba ƙaiƙayi, idon ma fari tas idan ka duba madubi, shi ya sa mutane ke sakaci da shi. Rikicewar ja da kore na cikin alamominsa na farko, kuma tsufa ba ya kawo wannan cikin 'yan makonni.

Ka koma wurin likitan da ya rubuta maka maganin yau, kafin ka haɗiyi ƙwaya ta gaba. Za a sa ka karanta haruffan allo, a nuna maka wasu shafuka masu ɗigo-ɗigon launi da lamba a ɓoye cikinsu, sannan a leƙa bayan idon. Ka nemi a duba maka ƙoda ma, domin ita ke fitar da ethambutol. Idan ta yi rauni sai ya taru a jiki. Yawansa kuwa da nauyin mutum ake aunawa, wajen miligiram 15 zuwa 20 a kowane kilo, don haka a sake ɗora ka kan sikeli.

Idan an cire shi da wuri, gani yakan dawo sannu a hankali cikin makonni ko watanni, amma jinkiri na iya barin illar da ba ta gyaruwa. Sai dai fa kada tsoro ya sa ka watsar da maganin baki ɗaya ka zauna a gida. Ciwon zai dawo, wataƙila ma ya daina jin magani. Likita zai zare ethambutol ɗin, ya tsara maka yadda za ka ci gaba da sauran.