Ƙirƙirarriyar basira da fom ɗin kotu

Malam, ka tambaya ko ƙirƙirarriyar basira za ta iya cike wa mai ƙara fom ɗin kotu ba tare da lauya ba. Za ta taimaka, amma kada a sakar mata ragama.

Dubi abin da aka yi a jihar Masachusets ta Amurka a 2020, da korona ta rufe kotuna. Jami'ar Suffolk ta mai da fom ɗin takarda ya zama tambayoyi ɗaya bayan ɗaya a waya, da manhajar Docassemble. Mutum ya amsa, manhajar ta zuba amsar a gurbinta. A irin wannan aiki, amfanin basirar shi ne gano guraben fom da sauƙaƙa Turancin lauyoyi. Sannan dole lauya ya duba kowace tambaya kafin a saki.

Inda ake faɗawa rami shi ne lissafin wa'adi da kafa hujja da tsofaffin hukunce-hukunce. Wa'adi a rubuta shi da tsayayyar ƙa'ida, basirar ba ta da hurumin yin hasashensa. A 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000, domin sun kafa hujja da shari'o'in da ba a taɓa yi ba, waɗanda manhajar ƙirƙirarriyar basira ta ChatGPT ta ƙago musu.

Adireshin mai ƙara kuwa, musamman matar da ke neman kariya daga duka, kada ya fita daga kwamfutar kotu.