Zan iya sayar da wasan da na haɗa da zanen wasu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya, ina koyon haɗa wasan kwamfuta da manhajar Godot. Wasan tuƙin adaidaita sahu nake son yi, amma ban iya zane ba, kuma ba ni da dalar sayen hotuna. Na ga ana raba zane-zane da sautuka kyauta a intanet. In na ɗiba na sa a wasana, na ɗora shi a Play Store don in sami ɗan na kashewa, akwai laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Babu laifi, muddin ka kiyaye sharaɗin da mai kayan ya gindaya. A nan ne masu farawa suke sakaci, da sun ga babu kuɗi sai su hau kwasa.

Godot ɗin da ka zaɓa ba ta da rigima. 'Yan Ajantina biyu, Juan Linietsky da Ariel Manzur, suka sake ta ga jama'a a 2014 da lasisin MIT. Ko nawa ka samu ba mai neman kaso, sai dai ka sa rubutun lasisin a cikin wasan.

Zane da sauti su ne ake bi a hankali. Ka fara da shafin Kenney, wani ɗan ƙasar Holan da ya zuba dubban kaya, har da motoci da tituna da gine-gine, a ƙarƙashin CC0. Wannan alama tana nufin ɗauki, gyara, sayar, ko sunansa ba dole ka ambata ba. OpenGameArt kuwa, wanda aka buɗe a 2009, kasuwa ce mai rumfuna da yawa, kowane mai zane da sharaɗinsa. Mai CC-BY yana so ka rubuta sunansa. Mai CC-BY-SA ya ƙara da cewa in ka gyara zanensa, to gyararren ma ka sake shi bisa wannan sharaɗi. Wanda zai dame ka shi ne mai ɗauke da NC, za ka riƙa cin karo da shi a Freesound, shafin da ake raba sautuka, wajen neman ƙarar inji da hon: ya hana kasuwanci da kayansa. A wurina sa talla a wasa ma kasuwanci ne, don haka ka bar shi. In kuma ka ga wani yana raba zanen jaruman wasannin kamfanin Nintendo yana cewa kyauta, ba nasa ba ne balle ya bayar.

Tun yau ka buɗe fayil guda. Duk abin da ka sauke, rubuta sunan mai shi da inda ka samo da lasisinsa. Bayan wata shida ba za ka tuna ba, na rantse maka.

Sai ƙananan manhajojin da jama'a ke haɗawa don ƙara wa Godot aiki, da yawansu suna sashen AssetLib na cikin Godot ɗin. Dialogic, misali, mai tsara hira a cikin wasa, zai sauƙaƙa maka cinikin direba da fasinja. Amma duba wace Godot aka yi wa abin, domin ta 4 da ta fito a Maris 2023 ta sauya abubuwa da yawa, yawancin na ta 3 ba sa tashi a kanta. Masu yin su kuma sa-kai suke yi, mutum na iya samun aiki ya watsar. Wanda aka daɗe ba a taɓa ba, kada ka jingina wasanka da shi.

Abin da ba za ka samu a shirye ba shi ne Zariya kanta. Keken Indiya ko na Tailan kana iya dacewa da shi, ka shigar da shi manhajar zane ta Blender ka yi masa fenti irin namu. Amma ginin ƙasa mai zanko, da teburin mai shayi, da fasinja cikin babbar riga, waɗannan sai kai, ko wani abokinka mai karatun zane a Samaru. Sautin titi kuwa, tsaya da wayarka a Ƙofar Doka da yamma ka naɗa. In kun gama, ku sa wasu a OpenGameArt, na bayanku su samu.

Game da Play Store, rajistar mai ɗora manhaja dala 25 ce, sau ɗaya ake biya. Kafin ka haɗa kuɗin, ɗora wasan a itch.io, shafin da masu haɗa wasanni ke sa ayyukansu, can ba a biyan ko sisi, abokanka su gwada su faɗa maka inda keken yake maƙalewa.