Amsa: ƙaramar tukunyar iska ta ko-ta-kwana

Malam, ka tambaya ko mai nutso ya riƙa ɗaukar ƙaramar tukunyar iska bayan babbar. Ni dai ina ɗauka, amma ba 'yar mitsitsiyar nan mai kamar gorar ruwa ba.

Duba lissafin: a zurfin mita 30, iskar da kake zuƙa ta ninka ta kan tudu sau huɗu. Mai shan lita 20 a minti zai sha 80, in ya firgita ma ya fi haka. 'Yar mitsitsiyar kuwa kusan lita 85 take ɗauka, ka ga minti ɗaya ke nan. Tukunya mai lita 3 da aka matse wa iska har bar 200 (bar shi ne ma'aunin matsin iska) tana ba ka lita 600, ta ishe ka hawa a hankali har ka yi tsayuwar kariya ta minti uku a zurfin mita 5 kafin ka fito.

Sai dai ka gwada buɗe ta a ruwa marar zurfi tukuna, kuma kada ka yi nisa da abokin nutsonka don kana da ita.