Wace maɗaba'a zan kai wa littafin hotunana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai ɗaukar hoto ne a Bauchi. Na tara hotunan hawan sallah da na dajin Yankari, ina son in mayar da su littafi mai shafi 80. Wace irin maɗaba'a zan nema, kuma me zan duba kafin in ba da kuɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara yanke shawarar kwafi nawa kake so, domin shi zai nuna injin da ya dace. In kwafi 20 ne zuwa 100, bugun dijital, wato wanda ake bugawa kai tsaye daga kwamfuta, ya fi maka. In sun kai 500, sai ofset, wato bugu da farantan ƙarfe masu ɗauke da hoton shafukan, saboda can kowace tawada da farantinta, guda huɗu ke nan a kowace fuskar babbar takarda, kuma kuɗin faranti ɗaya ne ko kwafi goma aka buga ko dubu. Shafi 80 ɗinka ma ya yi daidai, tunda a ofset yawanci shafi 16 ake naɗewa daga babbar takarda guda, ka ga naɗi biyar cif.

Ba duk mai buga fosta da katin biki ne zai iya wannan aiki ba. Ka tambaye shi kai tsaye: a nan za a buga ko aikawa za a yi? Wasu karɓa kawai suke yi su tura Kaduna, Kano ko Shomolu ta Legas. Ba laifi ba ne, amma ya kamata ka san wanda injin yake hannunsa. Sannan ka ce ya nuna maka littafin hotuna da ya taɓa bugawa, ba kalanda ba.

Wurin da aka fi yin kuka shi ne launi. Allon kwamfuta da haske yake nuna hoto, wato RGB, inji kuwa da tawada huɗu yake bugawa, CMYK. Jan alkyabba mai ƙyalli da shuɗin ruwan Wikki na Yankari za su ɗan dushe a takarda, wannan ba makawa. Abin da ya fi ciwo shi ne inuwa: fuskar mahayi a ƙarƙashin rawani da amawali, wadda kake ganin idanunta sarai a allo, sai ta fito baƙi ƙirin saboda tawada ta bazu ta cike wurin. Maganinsa gwaji. Zaɓi hotuna huɗu ko biyar mafi wuya, a buga maka su a kan ainihin takardar da za a yi aikin da ita. Duba su a hasken rana, ba ƙarƙashin ƙwan shago ba. In sun yi, ka sa hannu a kai, su zama ma'aunin sauran. Maɗaba'ar da ta ƙi yin gwaji, ko da kuɗinka, ka bar ta.

Kai ma akwai naka aikin. Hoto ya kai ɗigo 300 a kowane inci, wato cikakken shafin A4 yana son fiksel 2480 da 3508. Hoton da ya bi ta WhatsApp an riga an matse shi, ka koma wa na asali. Wanda zai cika shafi kuma a ƙara masa milimita 3 ta kowane gefe, don kada wuƙar yanka ta bar farin layi.

Takarda ka nemi mai santsi, mai nauyin giram 150 zuwa 170 a kowace murabba'in mita. In ta yi sirara da yawa, hoton baya zai riƙa leƙowa. Ni na fi son marar ƙyalli sosai, ba ta ɗaukar ido kuma ba ta nuna shatin yatsa kamar mai sheƙi.

Batun haɗi, ka dage a ɗinke da zare. Gam na gama-gari yana bushewa ya tsage, balle a zafinmu da hunturunmu, kuma takarda mai kauri ba ta kama shi da kyau. In dole sai gam, ka tambayi mai suna PUR. Hoton da ya ratsa shafi biyu kuma, kada kan doki ko fuskar mutum su faɗa tsakiya, naɗin zai haɗiye su.

A rubuta nau'in takarda, nauyinta, irin bango, yawan kwafi da ranar karɓa a takardar ciniki. Ka ba da kafin alƙalami, cikon kuɗi sai ka buɗe kwali ka zaro kwafi daga sama da tsakiya da ƙasa ka gwada su da gwajin da ka sa wa hannu.